Har Yanzu Sunansa Ne a Takardar Motar

Ɗan sandan bai sha wahalar bincike ba. Yana tura ƙofar falon, makullin da ke rataye a ƙusa ta bayanta ya kaɗa ya yi 'yar ƙara. Ya leƙa, ya zaro shi, ya ɗaga shi sama da yatsu biyu yana jujjuyawa.

"Wannan fa na mene ne?"

Auta ta buɗe baki za ta yi magana, amma 'yarta ta riga ta. Yarinyar tana zaune a tabarma da kofin shayi tsakanin ƙafafunta, ko makaranta ba ta isa shiga ba.

"Na motar Babana ne!" in ji ta, har da washe baki, don a ganinta baƙo ya yi tambaya ita kuma ta ba da amsa daidai.

Uban nata yana tsaye a bakin ƙofa, wani ɗan sandan riƙe da gefen rigarsa. Daga shago suka ɗauko shi, igiyar awo tana nan a wuyansa, ga guntun farin zare ya maƙale masa a gemu. Ɗinki ne sana'arsa, kuma da Tela kowa ya san shi a layin.

"Yallaɓai, na gaya maka na sayar da ita tun tuni," Tela ya ce. "Wannan makullin ajiya ne, mantawa aka yi ba a haɗa da shi ba."

"Ka sayar da mota ka riƙe makulli. Sunanka ne a takardun da muka samu a cikinta, sunanka ne a rajista. To, mu je, ka yi bayanin a can."

A tsaye a nan Auta ta ji abin da ya faru. Jiya da safe motar ta hau kan wata mata mai sharar titi, matar ta cika tun kafin a kai ta asibiti. Direban ya buɗe ƙofa ya ranta a na kare, ba wanda ya riƙe kamanninsa. Motar ce ta tsaya, da lambarta, da sunan da ke bayan lambar.

Tela ya cire igiyar awon ya miƙa wa matarsa. Ya yi mata murmushi.

"Kar ki ɗaga hankalinki, Auta. Je ki gaya wa Yaya, kalma ɗaya zai faɗa a wuce wurin."

* * *

Yaya shi ne babban wan Auta, uwa ɗaya uba ɗaya, mai shagon kayan gini a bakin babbar hanya. Shi ya sayi motar, kuma a ɗakin mahaifiyarsu, Inna, aka yi cinikin, fiye da shekara biyu da suka wuce.

Auta ba ta manta ranar ba. Tela yana son sayen injin surfani, mai kuma ya yi tsada, motar ta zame masa kaya. Yaya yana neman 'yar abin da zai riƙa kai wa masu saye fenti da ƙusa. Aka daidaita cikin raha, Yaya ya miƙa kuɗin hannu da hannu a baƙar leda. Inna tana zaune a bakin gado tana shafa man zafi a gwiwa, Auta tana zuba shayi.

Shi Tela mutum ne da ba ya sa almakashi a yadi sai ya sake awo. Tun daga gida ya yago shafi ɗaya a littafin awonsa, ya rubuta komai da kyakkyawan rubutunsa: sunansa, sunan Yaya, lambar mota, lambar inji, kwanan wata, da layuka uku a ƙasa na sa hannu, na mai sayarwa, na mai saye, na shaida. Ya zaro takardar daga aljihu, ya cire murfin biro.

"Wannan kuma mece ce?" Inna ta tambaya.

"Takardar ciniki ce, Inna. Don dai a ajiye."

Inna ta ajiye kwalbar man, ta riƙe haɓa.

"Takarda? A ɗakin nawa? Tsakaninka da yayan matarka? Ikon Allah! Da za mu ba ka Auta, takarda muka ce ka rubuta mana? Ko ɓarayi ka ɗauke mu, ɗan nan?"

"Wane ni, Inna."

Yaya ya fashe da dariya har da dukan cinya. "Ƙyale shi, Inna. Tela ne fa, ko gaisuwa za ka yi masa sai ya auna tsawonta."

Kowa ya yi dariya, har da Auta. Tela ya sunkuyar da kai, kunya ta rufe shi, don wa ya isa ya ja magana da surukarsa a cikin ɗakinta? Ya ninke takardar gida huɗu ya mayar aljihu. Yaya ya dafa kafaɗarsa ya ce sati mai zuwa da kansa zai je a canja sunan.

Satin nan mai zuwa bai taɓa zuwa ba. In Tela ya tuna masa sai ya ce, "Kai dai ka cika naci." Daga baya ma nauyi ya hana shi sake tayar da maganar. Ana nan wata rana Yaya ya zo musu da wata motar daban, baƙa mai sheƙi. Tsohuwar motar fa? Ya ce ya ba wani dillali ya rabu da ita, tana shan mai kamar me.

* * *

A ofishin 'yan sanda, mai binciken ba mugu ba ne, gajiya ce dai ta cinye shi. Ya saurari Auta yana murza ido, gabansa tulin takardu, fanka tana juyawa a sama ba ta kawo iska.

"Baiwar Allah, na ji ki. Kowa ya zo nan haka yake cewa, na sayar, na bayar, aka ara. Ni kuma gawa ce a hannuna, da dangi masu kuka. Mota sunan mai ita take bi. Abu biyu ne: ko ki kawo takardar ciniki mai sa hannu da shaida, ko wanda ya saya ya tako da ƙafarsa ya ce ni na saya. Daga nan sai mu bar mijinki mu bi shi."

"Yayana ne ya saya. Zai zo."

"To, ai shi ke nan," in ji shi, ya jawo wata takardar gabansa.

Da za ta fita ta hango motar a bayan ginin, cikin sauran motocin da aka kama. An sake mata fenti, daga shuɗi ta koma fara, gabanta ya lotsa, gilashin ya tsage. Ta matsa ta leƙa. Rigunan kujerun da Tela ya ɗinka da ragowar ƙyallaye suna nan, sun yi dauɗa, wani ya ƙona ɗaya da sigari. A kujerar bayan nan ta kwanta ranar da aka kai ta haihuwa. Ta juya da sauri ta tafi neman mota zuwa shagon Yaya.

Ta same shi yana tsaye a kan masu sauke siminti, fari fat har gira. Ya ja ta ciki, ya sa aka kawo mata lemo mai sanyi, ya yi salati ya sake yi.

"Tela a bayan kanta? Tela da ko ƙuda ba ya kashewa? Share hawayenki, Auta. Ina raye? Gobe da sassafe ina can."

Ta koma gida da sanyin zuciya, har ta dafa abinci mai yawa, ta ce ko za a sako shi ya zo da yunwa.

Gobe ta yi, ba a sako shi ba. Jibi ma haka. Wayar Yaya ta yi ta ƙara ba a ɗauka. Da ta koma ofishin, mai binciken bai ko nuna mata kujera ba.

"Yayan naki ya zo," ya ce. "Ya ce bai taɓa sayen motar nan ba. Aronta ya yi na 'yan watanni, ya mayar wa mai ita. Ya rubuta, ya sa hannu."

"Ya sa hannu?"

"Ga shi nan."

Ya juyo mata takardar. Sa hannun Yaya ne, mai doguwar jela, wanda ta sani tun yana sa mata a katin sakamakon makaranta bayan rasuwar mahaifinsu. Ta mayar masa da takardar.

Abin da ya ƙara dagula lamarin, safiyar da aka yi haɗarin Tela ba ya shago, ya tafi babbar kasuwa sayen zare. Wa zai tuna fuskar mai sayen zare a cikin wannan cinkoson? Maƙwabtan shagonsa kuwa, waɗanda suka shekara suna shan shayinsa, da suka ji maganar kotu ce sai kowa ya ce shi a ranar bai lura ba. Mutane ke nan! Kafin mako ya zagayo aka kai Tela gaban alƙali, aka ce rai ne ya salwanta, ba beli, aka wuce da shi gidan yari jiran shari'a.

* * *

Tana kwashe kayansa ne don ta zaɓi waɗanda za ta kai masa, ta ji wani abu ya yi ƙaras a aljihun tsohuwar rigarsa da ya daina sawa. Takardar ce, a ninke gida huɗu yadda ya ninke ta a ɗakin Inna. Rubutun yana nan tsaf, lambobin suna nan, kwanan watan yana nan. Layuka ukun ƙasa ne kawai fayau.

Ta kai wa lauyan da aka haɗa ta da shi, wani ɗan siriri mai yawan duba agogo. Ya karanta ya girgiza kai.

"Da yayanki ya sa hannu a nan, da yau mijinki a gida zai kwana. A haka kuwa, za a ce jiya ya rubuta ta."

"Ni fa ina wurin. A gabana aka yi."

"Ke matarsa ce, kowa ya san abin da za ki faɗa. Ban da ke, wa ke wurin?"

"Mahaifiyarmu."

"To, ko shi ya sa hannu, ko ita ta zo ta yi shaida. In uwa ta tsaya ta ce ɗanta ne ya saya, ba alƙalin da zai ƙi ji."

Wannan karon ba ta bi ta gaban shagon ba, ta ƙofar sito ta shiga, don ta gane in yaransa suka hango ta cewa suke ya fita. Ta same shi a zaune a kan buhun siminti yana latsa waya. Da ya gan ta ya miƙe, ya rufo ƙofar.

"Aro, Yaya? Aro ka yi?"

"Rage murya, akwai mutane."

"A ɗakin Inna ka miƙa masa kuɗi a gabana. Ni na zuba muku shayi!"

"Na sani, Auta. Zauna ki ji." Ya goge fuska da tafin hannu. "Na je neman dillalin nan. Ya tashi daga filin, ba wanda ya san inda ya nufa. Waɗanda ke wurin sun ce motar ta wuce hannu uku ko huɗu bayansa. Ba mai canja suna, wai in takarda ta nuna mutum ɗaya ne ya riƙe mota ta fi daraja. Ni ma ban rubuta komai da shi ba. In na ce ni na saya, sai su sake shi su rufe ni. Ni kuma wa zan nuna?"

"Shi fa? Shi wa zai nuna in ba kai ba?"

"Ki duba fa. Ina da 'ya'ya shida. Maganin Inna a wuyana yake, hayar ɗakinta a wuyana. Shagon nan in na yi wata ɗaya ba na nan, ko ƙusa ba zan tarar ba."

Ta warware takardar ta miƙa masa. "Sa hannu kawai za ka yi, Yaya. Don girman Allah. Lauya ya ce ba lallai a rufe ka ba, bincike za a ci gaba da yi."

Bai karɓa ba. Ya mayar da hannuwansa baya kamar takardar za ta ƙona shi.

"Lauya ai bakinsa ne, ba shi zai kwana a can ba. Auta, shi ya riga ya shiga. Mene ne amfanin mu zama biyu? Ki yi haƙuri, zan riƙa aiko muku da abin cefane."

Ta tsaya tana kallonsa. Wannan ne ya goya ta zuwa asibiti tana ƙarama da ta taka kwalba. Wannan ne ya tsaya a matsayin uba ranar aurenta, ya kama hannun Tela ya ce ga amana nan. Ta ji tsanarsa ta taso mata, abin da ba ta taɓa zaton zai yiwu ba.

"Riƙe cefanenka," ta ce. Ta ninke takardarta ta fita.

* * *

Ɗakin Inna bai canja ba. Gadon ƙarfen nan, warin man zafin nan, agogon bangon da ya tsaya tun mahaifinsu yana da rai. Auta ta durƙusa ta gaishe ta, ta zauna a daidai inda Tela ya zauna ranar.

Inna ta riga ta san abin da ya kawo ta. Ta yi ta jan zance, ya jikin yarinya, ya ruwan unguwarku, an ce gidan yarin akwai sauro, a kai masa gidan sauro mana. Auta ta bari ta gama.

"Inna, ke kaɗai kika rage. Ki zo ki faɗi abin da kika gani."

"Me na gani? Ni tsohuwa, idon ma yanzu sai a hankali."

"Kin ga takarda, Inna. Ke kika ce kar a sa hannu."

Tsohuwar ta sunkuyar da kai tana jan carbi. Da ta ɗago, idonta ya cika da hawaye, kuma hawayen gaske ne, abin da ya fi ƙona wa Auta rai ke nan.

"So kike in je gaban alƙali in ɗaure ɗana da bakina? Ni na haife shi fa, Auta."

"Ni ma ke kika haife ni."

"Ai shi ya sa nake gaya miki. Mijin nan naki mutumin kirki ne, ban taɓa ganin aibinsa ba, Allah zai fitar da shi. Amma yaushe kika san shi? Wancan kuwa nono ɗaya kuka sha. In na faɗi na mutu yau, shi zai tsaya a kanki."

"Kamar yadda ya tsaya yanzu?"

"Kul! Kar ki yi mini rashin kunya a ɗakina."

Auta ta haɗiye sauran maganar. Tun tana yarinya ba ta taɓa ɗaga wa Inna murya ba, yau ma bakinta ya ƙi. Ta tashi za ta tafi, Inna ta jawo wata leda daga ƙarƙashin gado, sabulu ne da sukari da ganyen shayi.

"Ungo, kai masa. Ki ce ina gaishe shi, kullum yana cikin addu'ata."

Ta karɓa, don ba a mayar wa uwa kyauta. A hanya ta yi ta kuka a cikin motar haya, ledar a kan cinyarta, wata mata a gefenta tana ba ta haƙuri ba tare da ta san na mene ne ba.

* * *

Shari'ar ta zama ta ɗagawa. Yau mai gabatar da ƙara ba shi da lafiya, gobe fayil bai iso ba, wata mai zuwa alƙali ya tafi taro. Damina ta zo ta wuce. Injin surfanin da aka sayar da motar dominsa, shi ma ya tafi, lauya ya ci rabi, sauran ya shige cefane. A duk zaman kotu akwai wata budurwa da ke zama a bencin gaba, 'yar matar da aka kashe. Ba ta taɓa yi wa Auta magana ba. Kallonta kawai take yi, kallon matar wanda ya kashe mata uwa.

Ranar ziyara takan dafa shinkafa ta zuba a kula, ta bi layi, a caccaka abincin da cokali a bakin ƙofa kafin a bar ta ta shiga. Tela ya rame, wuyansa ya yi tsawo, furfura ta fito masa a gefen kai. Amma ya samu allura. Yana yi wa 'yan ɗakinsu facin kaya, har masu gadin ma suna kawo masa wandunansu.

"'Yar Baba fa?" ya tambaya ta cikin ragar ƙarfen da ta raba su.

"Tana nan. Kullum sai ta duba bayan ƙofa ta ce wa ya ɗauke makullin Babanta."

Ya yi 'yar dariya, dariyar ta koma tari.

"Akwai rigar wani malami da na yanka ban haɗa ba, tana ƙasan tebur. Ki mayar masa da yadinsa, ki ba shi haƙuri."

"Na mayar tun tuni."

"Madalla. Inna fa, ya ƙafar tata?"

Nan Auta ta kasa daurewa.

"Kai wai wane irin mutum ne? Sun bar ka a nan kana ruɓewa, kana tambayar ƙafarta? Ka zage su mana! Ka zage ni ma, ai dangina ne!"

Ya dube ta, ya sunkuyar da kai yadda ya yi a ɗakin Inna.

"Biron a hannuna yake ranar, Auta. Murfin ma na cire."

Mai gadi ya buga ƙarfe, lokaci ya cika. Ta karɓi kular wancan zuwan da ya wanke mata tas, ta fito.

* * *

Hanyar gida ta gaban shagon Yaya take bi. Ta saba kau da kai in motar haya ta zo wurin, amma ranar sai ta ce a sauke ta. Takardar tana cikin jakarta, ba ta taɓa fita ba tare da ita ba. Ta ce a ranta bari ta sake gwadawa, ko Allah ya sa zuciyarsa ta yi laushi.

Ta tarar da taro a ƙofar shagon. Baƙar motar Yaya tana tsaye an wanke ta tana ƙyalli, an baza takardu a kan murfin injinta, an danne da dutse. Bugaggu ne da inji, kwafi uku, kowanne an manna masa hoto da kwafin katin shaida. Sayar da ita yake yi, zai sayi babba. Mai sayen wani matashi ne da Auta ta sani, ɗan aminin Yaya, a gabansu ya girma. Sai sosa ƙeya yake yi.

"Haba Baba, tsakanina da kai har sai an yi wannan duka? Wallahi kunya nake ji."

"Ajiye kunyar nan a gefe, ɗana," in ji Yaya da muryar manya. "Sa hannu nan, da nan, da nan. Daga nan kuma tare za mu je a cire sunana a sa naka, yau ɗin nan, ba gobe ba. Makullan ma ga su duka biyu. Duniyar yanzu ba a wasa da takarda. Ba ka san abin da ya faru da wani ba."

Wani. Auta ta maimaita kalmar a ranta. Ta tsaya a bayan taron da kula a hannu.

Matashin ya sa hannu, Yaya ya sa nasa mai doguwar jela, mai shagon tayoyi na kusa ya sa a matsayin shaida. Saura shaida na biyu. Aka waiga ana neman wanda zai cike, sai matashin ya hango ta.

"Ga Anti ma! Anti, zo ki sa mana albarka."

Kafin Yaya ya ce wani abu, yaron ya danƙa mata biron. Mutane suka buɗa mata hanya. Ta ajiye kular a ƙasa, ta buɗe jaka, ta fito da takardarta. Ta sha ninki har ta yi laushi, gefenta ya yi baƙi. Ta warware ta a hankali, ta shimfiɗa a kan murfin motar kusa da nasu masu hoto, ta danne da yatsa. Ta miƙa wa Yaya biron.

Wurin ya yi tsit. Mai tayoyi ya miƙa wuya zai karanta. Yaya bai karɓi biron ba, ya kai hannu da sauri ya kife takardar, ya tura mata ita.

"Maganar gida ce," ya ce wa mutanen yana murmushi. "Ƙanwata ce, ba ta jin daɗi kwana biyu. Kai, kira mana mai walda ya zo ya sa hannu."

Aka tafi kiran mai walda. Hira ta dawo, wani yana tambayar ko motar tana shan mai. Auta ta ɗauki takardar za ta ninke, sai ta rabe biyu a kan tsohon ninkin. Ta haɗa guntayen ta sa a jaka, ta sunkuya ta ɗauki kularta, ta juya.

Ta yi 'yan taku ke nan ta ji muryarsa a bayanta.

"Auta."

Ba da muryar manyan nan ya kira ta ba, a hankali ya kira, yadda yake kiranta suna yara. Ta tsaya, ta juyo, har hannunta ya kai kan jakar.

Yaya yana tsaye ya miƙo tafin hannu.

"Biron," ya ce. "Ba mu gama da shi ba."

Ta duba, ashe yana hannunta. Ta taka ta koma, ta ajiye masa a tafin, ta tafi bakin hanya jiran mota.